Hatsi Ya Sauka a Dawanau, Me Ya Hana Ƙosan Unguwa Sauka?

Da sassafe a Rijiyar Lemo, a gefen titin Katsina da ke miƙewa zuwa Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano, wata dattijuwa na zaune gaban kaskon suya, tana ɗiban ƙullun wake da cokali tana sakawa cikin mai. Wani magidanci ya miƙa ɗari biyar, jikarta ta ƙirga masa ƙosai a leda. Ya ɗaga ledar ya dube ta, ya ce, "Haba Iya, ba an ce wake ya sauka ba?" Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Wake kam ya sauka, ɗan nan. Je ka tambayo min mai da itace da markaɗe. In sun sauka ka dawo in ƙara maka."

Irin wannan musu ya yawaita a unguwannin Kano tun da hatsi ya fara sauka a 2025. A shekarar, rediyo na cewa buhun masara da gero da shinkafa sun yi ƙasa, hukuma na fitar da alƙaluman da ke nuna hauhawar farashi tana raguwa, manoma na kukan kayansu ya faɗi warwas, amma wanda ke karyawa a wurin mai shayi, ya ci garau-garau da rana, ya sayi tuwon dare a maƙwabta, bai ga canjin a aljihunsa ba. Kowanne daga cikinsu gaskiyarsa yake faɗa. Abin da ya rage shi ne a gano inda sauƙin yake maƙalewa tsakanin buhu da faranti.

Saukar hauhawa daban, saukar farashi daban

Ruɗanin ya fara ne daga kalmomi. Idan hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 30 cikin 100, abin da take nufi shi ne kayan da aka saya naira 1,000 a wannan watan na bara, bana sai an ba da 1,300. Idan a shekara mai zuwa ta ce hauhawar ta sauka zuwa kashi 15, ba cewa take kayan sun koma 1,150 ba. Cewa take an ɗora kashi 15 a kan 1,300 ɗin nan, sun kusa 1,500. Kamar mai hawan dutsen Dala ne da ya gaji ya rage sauri: har yanzu sama yake yi, bai juyo ba.

Saukar farashi kuwa ita ce abin da ya faru da hatsi, inda kuɗin buhu ya ragu a zahiri, yau ya fi jiya araha. Wannan ya faru, amma ga wasu kayayyaki ne, ba duka ba.

Akwai kuma abu na uku da ya ƙara dagula lissafi. A watan Disambar 2024 hukumar ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80, ta abinci kuma 39.84. Da aka fitar da na Janairun 2025 sai ga 24.48, ta abinci 26.08. Wanda ya ji wannan zai zaci a wata guda kaya sun karye. Ba haka ba ne. Hukumar ce ta sauya ma'auni: ta daina gwada farashi da na shekarar 2009 ta koma 2024, ta kuma sake auna irin kayan da magidanta ke kashe kuɗi a kansu. A tsohon lissafi kayan abinci sun haura rabin abin da ake aunawa, a sabon kuwa sun koma kusan kashi 40. Ɓangaren gidajen abinci da masauki, wanda a da bai kai kashi 2 ba, ya tashi zuwa kusan kashi 13. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin hukuma ce da kanta ta amince cewa cin abinci a waje ya zama babban ɓangare na rayuwar mutane, ba sha'awar masu kuɗi ba. Daga nan alƙaluman suka yi ta yin ƙasa a yawancin watanni, har a Satumbar 2025 aka samu 18.02.

Yadda aka hau

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta kai dubu a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma ke bayarwa a kan kusan 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. A ƙarshen Yulin 2023 sojoji suka karɓe mulki a Nijar, aka rufe iyaka, hanyar dabbobi da wake da sauran kaya ta Maraɗi da Damagaram ta toshe har zuwa Maris ɗin 2024. Ga kuma ƴan bindiga da suka hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja. Waɗannan duka suka haɗu a lokaci guda, har hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 a tsakiyar 2024.

Kano na cikin wuraren da aka fara jin ihun. A farkon Fabrairun 2024 mata masu gurasa suka fito kan titi suna kukan tsadar fulawa. A cikin watan ne hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A Agusta kuma aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, wadda a Kano ta rikiɗe har aka sa dokar hana fita.

Yadda hatsi ya sauko

A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. Kaya suka shigo. Tsadar 2024 ta sa mutane da yawa, har da ma'aikata da ƴan kasuwar da ba su saba ba, suka shiga gona, aka samu amfani mai yawa. Naira ta daina faɗuwar da take yi. Masu sayen hatsi da kaka su ajiye sai bazara, waɗanda suka saba cin riba duk shekara, suka ga farashi na yin ƙasa maimakon sama, suka yi ta fito da kaya don gudun asara, fitowar kuma ta ƙara karya farashin. Da yawansu sun tafka asara.

Me ke cikin faranti ban da hatsi?

Nan ne gizo ke saƙar. Mai sayen ƙosai wake yake gani, mai tuya kuwa jerin abubuwa take biya kafin ƙullu ya shiga kasko.

Bari a buga lissafi na misali, don a ga yadda abin ke tafiya. A ce cikin kowace naira 1,000 da mai ƙosai ke kashewa, 450 na wake ne, 250 na mai, ragowar 300 kuma na itace da markaɗe da attaruhu da albasa da gishiri da leda da kuɗin adaidaita sahu. Idan wake ya sauka da kashi ɗaya cikin uku, wanda ba ƙaramar sauka ba ce, rangwamen da ta samu 150 ne. Saukar kashi 33 a Dawanau ta koma kashi 15 a bakin kasko, shi ma sai idan sauran kayan sun tsaya cak. Da mai zai ƙaru da kashi 20, ya cinye 50 daga ciki, saura 100. Kashi 10 ke nan. A kan ƙosan naira 50, kashi 10 naira biyar ce.

To wa ke da canjin naira biyar a Kano yau? Wannan ƙaramar magana ce amma tana da nauyi. Takardun 5 da 10 sun kusa ɓacewa daga hannun mutane, 20 ma sai an nema. Farashin abincin unguwa tsalle yake yi hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari, ba ya tafiya a hankali. Mai waina ba ta da hanyar sayar da guda a kan 45. Ko dai ta bar ta a 50, ko ta koma uku ɗari, wanda ragin kashi ɗaya cikin uku ne, ya fi ƙarfin sauƙin da ta samu. Tiransifa da na'urar POS, da suka shiga har wurin masu shayi tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ba su warware wannan ba, domin ba mai tura naira 45 ta waya.

Sai makamashi. Duk abincin sayarwa wuta yake ci, wani ma sau biyu. Awara sai an jiƙa waken suya, a kai markaɗe, a tace, a tafasa ruwan, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a matse, a yanka, sannan a soya. Injin markaɗe da fetur ko man gas ko lantarki yake aiki, kuma babu wanda ya koma farashin da. Fetur ya ɗan sauka a 2025 bayan matatar Dangote ta fara fitar da shi, amma bai koma ko kusa da farashin farkon 2023 ba. Iskar gas ta girki ta wuce dubu a kilo tun 2024, da ta yi tsada kuma gidaje suka koma gawayi da itace, su ma suka bi sahu. Itacen da ake ƙonawa a Fagge ko Gwale ba a bayan gari ake saro shi ba, daga nesa mota ke kawo shi, kuɗin mai na cikin kowane ɗauri.

Ruwa ma saye ake yi. A unguwanni da yawa famfo ya daɗe da ƙafewa, ƴan garuwa ne ke turo kura cike da jarkoki daga rijiyoyin burtsatse, su kuma masu burtsatsen da janareta ko hasken rana suke jawo ruwan. Mai tuwo-tuwo da ke wanke kwanuka tun safe har dare ta san adadin jarkar da take ƙararwa.

Kayan miya kuwa ba ruwansu da lissafin hatsi, nasu lokacin daban. Da rani tumatirin Kura da Kadawa da Garun Malam kan cika kasuwar Kwanar Gafan da Ƴankaba har a rasa mai saye. Da zafi ya tsananta, damina ta kawo kai, sai ya yi wuya. A tsakiyar 2024 tsutsar nan mai cinye ganyen tumatir ta haɗu da ƙarshen kakarsa, kwando ya yi tsadar da masu abinci da yawa suka koma busasshen kauɗa da tumatirin leda. Man gyaɗa da manja da man kanti su ma kowanne da hanyarsa.

Akwai rukunin abincin da ko kusa ba ya kallon Dawanau. Burodi, gurasa, taliya, indomi, fanke, alkubus, cincin, wainar fulawa, duk ƴaƴan alkama ne, kuma mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake sayo ta da dala. Abin da ake nomawa da rani a Kadawa da kwarin Haɗeja bai kai ko kusa da buƙata ba. Manyan kamfanoni ƙalilan ne ke niƙa ta, daga wurinsu buhu ke bi ta hannun diloli zuwa kasuwar Singa, sannan ya isa tanderun masu gurasa a Jakara. Saboda haka damina na iya yin kyau, masara ta faɗi, bandashe da burodin mai shayi su tsaya inda suke. Ɗan wake ma, duk da sunansa, yawancin na sayarwa akwai fulawa da garin rogo a ciki.

Na ƙarshe shi ne abin da ba a gani, wato ramin da 2024 ta bari. Mafi yawan masu sana'ar abinci a unguwa mata ne masu ƙaramin jari, wasu daga cikin gida suke yi, yara su fita da shi. A lokacin da kaya ke tashi kullum, mace kan sayar da abincin yau, ta je kasuwa gobe ta tarar kuɗin ba za su sayi abin da ta saya jiya ba. A haka jari ya zaizaye. Wasu suka sayar da akuya ko kayan ɗaki, wasu suka ci bashin mai awo, wasu suka ɗauki adashi tun kafin lokacinsu. Da sauƙi ya zo, abin da suka fara yi shi ne cike gurbin. Kuma wanda ya taɓa ƙonewa da wuta, ko toka ya gani sai ya ja da baya: mai abincin da ta rage kuɗi yau, kaya suka tashi jibi, ta san irin surutun da za ta sha kafin masu saye su yarda da ƙari.

Kuɗi na tsaye, awo ne ke motsi

Wanda ke son sanin ko abincin unguwa ya yi sauƙi, kada ya tambayi nawa ne, ya dubi nawa ake zubawa. Tun asali ba a cewa "nawa ne farantin shinkafa?" a wurin mai garau-garau. Cewa ake "zuba min na ɗari biyar." Mai saye ne ke yanke kuɗi, mai sayarwa ta yanke awo. Lokacin tsada cokalin ƙullu ya ƙanƙance, yankan awara ya sirance, malmalar tuwo ta koma kamar ta yaro, man da ake yaryaɗawa a kan wake da shinkafa ya zama ɗigo. Ba a sanar da kowa ba. Haka kuma in sauƙi ya zo ta nan yake fara shigowa: ludayi ya ɗan cika, a daɗa gyara, wake ya ƙara yawa a cikin shinkafa.

A wurin wani mai shayi a Fagge ana iya ganin wannan ƙarara. Gwangwanin madara ɗaya da a da ake raba wa mutum biyu, yanzu da ƙaramin cokali ake ɗibar ta gari. Matashi zai zauna a benci ya ce, "Malam, haɗa min indomi ɗaya, ban da ƙwai," mai shayin ya yanka albasa da attaruhu ya ƙara masa don kwanon ya cika ido. Wani ya sayi rabin burodi, a shafa masa bota gefe guda. Ba wanda ya ce an ƙara kuɗi ko an rage, amma kowa ya san abin da ɗari biyar ɗinsa ke saya bana da abin da ta saya bara. Wannan sauyi na awo da wuya ya fito a alƙaluman hukuma yadda yake.

Abin da unguwa ta koma ci

Tsadar ta sauya abin da ake ci, wasu sauye-sauyen kuma da alama sun zauna. Awara ce babbar shaida. A da abin marmarin yara ce a ƙofar makaranta. Yanzu magidanta na sayenta a maimakon nama, ana tsoma ta a ƙwai, ana yi mata miya da kabeji, ana ɗora ta a kan shinkafa. Ta fuskar gina jiki wannan ba koma-baya ba ne, domin waken suya na cikin abinci mafi ƙarfi da talaka zai iya samu. Garau-garau da mai da yaji, wanda a da ake yi wa kallon abincin ƴan makaranta da leburori, yanzu har masu mota na layi a kansa. Kwaɗon zogale da rama da dambu da ɗan malele da taliyar murji sun dawo da ƙarfinsu, dankalin Hausa da rogo sun shiga wuraren da doya da dankalin Turawa suka bari.

Abin da ya fi ba wasu mamaki shi ne, tsada ba ta kori mutane daga sayen dafaffen abinci ba, wasu ma ita ta tura su. Gwauro ko ƙaramin iyali, in suka lissafa gawayi da mai da magi da kayan miya na girki ɗaya, sau da yawa sai su ga sayen tuwo da miya a maƙwabta ya fi araha, domin mai dafa tukunya babba wuta ɗaya take hurawa ta ciyar da mutum hamsin. Ga kuma faɗin gari. Birnin ya bazu a ƙananan hukumomi takwas, daga Birni da Dala da Gwale da Fagge har Tarauni da Nasarawa da Kumbotso da Ungogo. Wanda ke kwana a Ɗorayi ko Rimin Kebe yana aiki a Kantin Kwari ko Sabon Gari ba zai biya kuɗin adaidaita sau huɗu don ya ci abincin rana a gida ba. Kuɗin mota ne ya mayar da shi abokin cinikin mai abincin bakin kasuwa.

Wa ke da laifi? Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu saye da yawa na ganin son zuciya ne. Hujjarsu ita ce, ranar da fetur ya tashi, kafin la'asar an ƙara kuɗin komai, har kayan da aka saya tun makon jiya. To don me sauka za ta ɗauki watanni? Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma malamai sun sha ɗaukar ta a huɗuba suna kiran ƴan kasuwa da su ji tsoron Allah. Akwai masu sana'ar da lallai sun samu sauƙi suka yi shiru. Sai dai mai ƙosan layi ba ita kaɗai ba ce a layin. In ta matse awo fiye da kima, yaran da ake aika za su wuce ta su tafi wurin ta gaba. Inda masu sayarwa suka yi yawa irin haka, cin ƙazamar riba ba ya daɗewa. Zargin ya fi zama daram a inda kaya ke hannun mutane ƙalilan, kamar fulawa da sukari da man kanti, fiye da bakin kasko.

Gwamnati na nuna alƙaluma a matsayin shaidar cewa matakanta sun fara aiki, kuma saukar hatsi gaskiya ce da ba mai musu. Masu suka na cewa an sayo sauƙin ne da gumin manomi. A kakar 2025 manomin masara sai ya sayar da fiye da buhu ɗaya kafin ya sayi buhun taki ɗaya, masu noman shinkafa da ƙananan injinan casa kuma suka koka cewa ta waje ta kashe musu kasuwa. Masu kare matakin na amsawa da cewa a 2024 yunwa ce a gari, kuma mazauna birni da ba su da gona su ma ƴan ƙasa ne. Duka biyun suna da abin kamawa: abin da ya zama rahama ga mai awo a Kurna, shi ne asarar mai gona a Doguwa.

Akwai masu kiran a ƙayyade farashi da doka. A Fabrairun 2024 wata babbar kotun tarayya a Legas ta umarci gwamnati ta ƙayyade farashin wasu kayayyaki, a ƙarar da lauya Femi Falana ya shigar. A ƙarshen Agustan shekarar hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ba ƴan kasuwa wata guda su sauke farashi, daga baya ta yi bayanin cewa ba ƙayyade farashi take nufi ba, masu haɗa baki da cutar jama'a take nema. Ko da za a iya ƙayyade kuɗin buhu, ƙayyade abincin unguwa wani abu ne daban. Dubban mata ne a cikin gidaje, ba rajista, ba sikeli, kuma kamar yadda aka gani, awo suke motsawa ba kuɗi ba. Jami'in da zai tilasta ƙosai ya zama naira 30 ba shi da yadda zai hana cokali ƙanƙancewa.

Abin da wannan ke nufi ga mazauna unguwa

Wanda ya fi cin moriyar saukar hatsi shi ne mai babban gida da ke iya sayen buhu ko rabin buhu ya ajiye, a yi tuwo a gida. Wanda ke awon kwano ko gwangwani kullum ya samu ƙasa da haka, domin kowane hannu da kaya suka bi sai ya ɗora nasa. Wanda ya fi kowa jinkirin ganin sauƙi shi ne mai sayen dafaffe: lebura, ɗan adaidaita, ɗan ci-rani, ɗalibi, mai gadi. Akasarinsu ba sa cikin masu albashi, don haka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wanda Kano ta mayar 71,000, bai taɓa su kai tsaye ba. Almajirai ma abin ya shafe su ta wata fuska, domin gidan da ke sayen abinci daidai cikinsa ba ya rage saura.

Sai batun lafiya. Idan mai sana'a ta rasa inda za ta rage, wani lokaci inganci ne ke biya: man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi, garin yaji da aka cika da abin da ba a sani ba, kayan haɗin lemo masu araha da ba a san asalinsu ba. Kano ta ga illar wannan a watannin Maris da Afrilun 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami, har hukumar NAFDAC ta shiga bincike. Matsa wa masu sana'a su rage kuɗi alhali kayan haɗinsu ba su sauka ba yana iya tura marasa tsoron Allah daga cikinsu zuwa wannan hanya.

Ga yara mata masu talla kuma, ƙarancin riba na nufin ƙarin sa'o'i a kan titi. Uwar da a da faranti ɗaya ke isar ta cefane, yanzu sai an fita da safe an koma da yamma, kuma lokacin makaranta ne ke tafiya.

Abubuwa uku ne za su nuna inda aka dosa. Na farko makamashi: muddin fetur da man gas da gawayi ba su sauka sosai ba, markaɗe da sufuri da ruwa za su ci gaba da cinye sauƙin hatsi. Na biyu dala, wadda ita ke riƙe da burodi da gurasa da taliya. Na uku shi ne shawarar da manomi zai yanke idan damina ta faɗi. Wanda ya yi asara a masara na iya rage gona ko ya koma waken suya da riɗi da ba sa cin taki da yawa. In da yawa suka yi haka, masara da shinkafa za su ragu a kaka mai zuwa, buhu ya sake ɗagawa tun kafin sauƙin da aka samu ya gama isowa bakin kaskon Iya a Rijiyar Lemo. Waken suya kuwa zai yawaita, kuma masu awara ne za su fara ganin haka a wurin mai awo.